Ɗinkin Sallah ya taru, ina yini a shago amma aiki ba ya raguwa: ta ina zan kama?

TelanBadariya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san tsarin aiki.

Yau 8 ga azumi. Jiya da dare na ƙirga kayan da ke shago, saiti 94 ne, wasu ba a taɓa ba, wasu an fara ba a gama ba. Mafi yawa kaftani da wando ne. A ciki akwai manyan riguna 9 da kaftani 30 masu aikin wuya, waɗanda nake kai wa mai injin aiki a waje. Mu uku ne a shagon: ni, da babban yarona da ya iya haɗa kaftani shi kaɗai, da ƙaramin da bai cika shekara da fara koyo ba. Yanka ni kaɗai nake yi.

Ina buɗewa ƙarfe takwas na safe, ba na rufewa sai wajen ɗaya na dare, in an cire lokacin salla da buɗa-baki. Amma abin da muke gamawa a yini bai wuce saiti uku ko huɗu ba, alhali kaftani da wandonsa, daga yanka har guga, kusan awa uku yake ci in an zauna masa. Ina ɗaukar almakashi waya ta yi ƙara. Ina ajiye waya wani ya shigo awo. Wani kuma ya zo ya zauna ya ce ba zai tashi ba sai ya ga nasa a kan keke, sai in ajiye wanda nake yi in kama nasa. Yanzu haka yankakku 15 ne a kan benci, kowanne an fara an bari.

Wanne zan fara, wanne zan jinkirta? Kuma yaya ake samun nutsuwa a shagon da ƙofarsa ke kallon titi? Har yanzu ana kawo sabbi, ni kuma ina jin nauyin mayarwa.

Baban Khadija, Jega

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar wanne za a fara, akwai lissafin da ya kamata ka yi a daren nan, domin shi zai nuna ko tsari ne ya ɓaci ko kuwa kayan ne suka fi ƙarfin hannuwan da ke shagon.

Kada ka yi lissafi da kwana 30. Wata na iya tsayawa a 29, kuma ba za ka sani ba sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa a daren. Ka ɗauki 29, sannan ka ware 27, 28 da 29 don gyare-gyare da karɓar kaya: wanda wandonsa ya yi tsawo, wanda hannun rigarsa ya matse. Abin da ya rage maka daga 9 zuwa 26 ne, kwana 18.

Ka ce a rana mai kyau saiti huɗu kuke fitarwa. Huɗu sau 18, 72 ke nan. Kana da 94. Wato in aka ci gaba a haka mutum 22 za su yi Sallah ba sabon kaya, kuma a yadda kake bin mai yawan magana, waɗanda za su rasa su ne masu haƙuri da suka kawo da wuri suka koma gida suna jiran kiranka. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a bayaninka.

To amma duba wani abu. Saiti huɗu sau awa uku, awa 12 ne kacal na aiki na gaske tsakanin mutum biyu, awa shida-shida, ga shi kuna kusan kwana a shago. Sauran lokacin yoyo yake yi, kuma ana iya toshe shi ta wuri biyu. Na farko, ka cire guga, sa maɓalli, yanke zaren da ya yi saura, ninkewa da sawa a leda daga hannunka da na babban yaro, ka miƙa wa ƙaramin gaba ɗaya. Wannan zai rage kamar rabin awa a kowane saiti, ya koma awa biyu da rabi. Na biyu, kowannenku ya samar da awa bakwai da rabi na aiki tsantsa. Awa 15 a raba da biyu da rabi, saiti shida a rana. Shida sau 18, 108. Ka ga 94 sun shiga, har da rarar 14. Rarar nan ba ta sayarwa ba ce. Ita za ta cinye ranar da aka ɗauke wuta, da ranar da keke ya ƙi, da dararen goman ƙarshe, da manyan rigunan da suka fi kaftani cin lokaci. Don haka daga gobe littafi ya rufe, ba sabon karɓa.

Kuma awa ukun nan da ka faɗa, ka gwada ta da agogo. Gobe da jibi ka rubuta lokacin farawa da na gamawa na saiti biyar. Mutum yana tuna ranar da aiki ya tafi sumul, ya manta ranar da zare ya yi ta tsinkewa. Tun 1979 wasu masu bincike biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka yi bayanin wannan halin, cewa mutane kan rage kiyasin lokacin da aikinsu zai ci ko da sun sha yin irinsa. In agogo ya nuna awa uku da rabi ne, shida ta koma biyar a rana, jimla 90, ba ta kai 94 ba balle rara. A nan dole ka fitar da goma zuwa sha biyar: ko ka ba wani tela da ka yarda da hannunsa da sanin masu kaya, ko ka mayar musu yanzu da suke da sauran lokacin neman wani.

Sai littafi. Ka sami mai layi, kowane saiti layi ɗaya da lambarsa, daga 1 zuwa 94, gwargwadon ranar da aka kawo. Lambar nan ka rubuta ta a jikin ledar kayan da kuma takardar awo. A gaban lamba: suna, irin ɗinki, da aiki ko babu, ranar alkawari, kafin-alƙalami, da wurin da za ka riƙa yin alama in an yanka, in an ɗinka, in an goge. Abin da ke cikin kai kawai, duk wanda ya ɗaga murya yana iya sauya shi.

Jerin kuwa ga yadda zan ba ka shawara. Waɗanda za su bar hannunka su je su jira a hannun wani, su ne farko, wato 39 ɗin nan masu aiki. Dalili shi ne layin mai injin aiki kullum ƙara tsawo yake yi, kuma zaman da za su yi a wurinsa ba ya cin lokacinka, yana tafiya ne kana ɗinka wasu. Kwana ukun farko duk yankan da za ka yi nasu ne, su kuma yankakku 15 na benci su ciyar da kekuna. Kada ka jira sai 39 sun cika, ka riƙa aikawa goma-goma, kowane kashi da ranar dawowarsa a rubuce. Bayansu sai na matafiya, masu kai kaya Kamba ko Zuru ko Yauri, da waɗanda za a saka wa a mota zuwa nesa. Sauran a bi lamba. In uba ya kawo shadda ɗaya shi da 'ya'yansa biyar, a yanka su tare a ɗinka su a jere, zare ɗaya, ba sauyi.

Akwai rabon da ake dangantawa da Eisenhower, tsohon shugaban Amurka, wanda a wani jawabi a 1954 ya bambance abu mai gaggawa da abu mai muhimmanci. Mutumin da ke zaune a bencinka gaggawa ce. Man keke, allura, gam, maɓalli da zaren duk kalolin da ke cikin 94 ɗin nan ba sa magana, amma ranar da ɗaya ya yanke, keke biyu ne za su tsaya. Ka bi littafin layi-layi ka fitar da abin da kowanne ke buƙata, a yi kasuwa sau ɗaya gobe.

Uwar Biyu, Gusau

Malam, lissafin Baban Khadija daidai ne, amma duk yana rataye ne a kan awa bakwai da rabin nan, kuma ba za ta samu ba muddin waya na aljihunka ƙofa kuma a buɗe. A nan zan tsaya.

Abin da katsewa ke ci ya fi tsawonta. Kira na minti biyu ba minti biyu yake ci ba, domin in ka dawo sai ka sake duba takardar awo, ka sake neman inda alli ya tsaya, ka tambayi kanka ko ka bar na ɗinki a gefen nan ko ba ka bari ba. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙale a na farkon, na biyun ba ya samun hankali cikakke. Kai kuwa guda 15 ne ke jan hankalinka daga kan benci. Taura biyu ma ba ta taunuwa.

Saboda haka ka sa wa shagon iyaka: abin da aka yanka yana jiran keke kada ya wuce na yini ɗaya, wato shida, kuma kowane keke saiti ɗaya ne a kansa har ya sauka. Waɗanda ke wurin mai aiki ba sa cikin wannan ƙirgen. Ka ɗaura igiya uku ko ka ware kwali uku: yankakke, ɗinkakke, gogagge. Da ido kawai za ka ga inda aiki ya cushe. In kwalin ɗinkakke ya cika, guga ce ta gaza, a taimaka wa ƙaramin. In na yankakke ya zama fanko, kai ne ka tsayar da kowa.

Kuma yawanci kai ɗin ne, tunda almakashi a hannunka kaɗai yake. Kamar tiyon ban-ruwa ne a fadama, komai ƙarfin inji ruwa ba zai wuce abin da wurin da ya fi matsewa ya bari ba. Awa ɗaya da ka rasa a teburin yanka, shago duka ya rasa ta. Don haka yanka shi za ka ba lokacinka mafi kyau, kuma a azumi wannan lokacin safiya ce, sahur bai narke ba, rana ba ta yi zafi ba, titi bai cika ba. Hadisin da Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta sananne ne, kuma sahabin da ya ruwaito shi, Sakhru al-Gamidi, ɗan kasuwa ne da ke tura hajarsa da sassafe. Akwai kuma dalilin ido: a hasken ƙwai da dare baƙi da shuɗi mai duhu suna rikiɗa, fari da ruwan madara ma haka, kuma zanen shadda yana iya juyewa ba ka lura ba. Ɗinki in ya ɓaci ana farke shi a sake. Yanka ba ya komawa, sai dai ka biya yadi.

Ga yadda yinin zai iya zama. Ƙarfe 7:00 zuwa 9:30 yanka, saiti shida, kamar minti 25 kowanne, ƙofa a rufe ko a saye. Tun daren jiya ƙaramin yaro ya jera ledoji shidan a kan tebur bisa lamba, takardar awo a saman kowacce, don kada ka fara safiya da tunanin wanne zan ɗauka. Da ka gama yanka, a manna gam na wuya da na hannu na duka shidan a zama ɗaya tun dutsen guga na da zafi. Daga 9:45 zuwa 12:45 kana kan keke. Bayan azahar a kwanta. Bayan la'asar, 4:30 zuwa 6:00, lokacin jama'a ne: gwaji, karɓar kaya, biyan kuɗi, amsa waya. Wannan ne lokacin da mai azumi ya fi rauni, to a ba shi aikin da ba ya buƙatar lissafi. Bayan asham awa biyu a kan keke, a rufe wajen sha ɗaya. Ka haɗa: biyu da rabi, uku, biyu, bakwai da rabi ke nan.

Waya kuwa kada ka dogara da cewa za ka daure. Ka kashe ƙararta ka sa ta a aljihun tebur, ko ka ba ƙaramin ya riƙe. Yawancin wayoyin Android suna da tsarin da ke toshe kira sai na lambobin da ka zaɓa. Ka bar na gida da na mai injin aiki. In kana amfani da WhatsApp Business, akwai saƙon da ke tafiya da kansa ga duk wanda ya rubuto a lokutan da ka ware. Ka rubuta gajere: ana kan aiki, ana amsawa daga 4:30 zuwa 6:00, an rufe karɓar ɗinkin Sallah. Irin wannan kuma a rubuta a kwali a manna a ƙofa.

Yawancin masu kira abu ɗaya suke so su sani, yaushe. In ka riga su, ba za su kira ba. Gobe da yamma ka tura wa kowa lambarsa da ranar karɓarsa. Aikin awa ɗaya da ɗoriya ne, kuma zai kashe mafi yawan kiran makonni biyu masu zuwa. Sharaɗi ɗaya, ranar ta fito daga lissafi, kada ta fito daga kunya.

Inda wannan tsarin ke rushewa shi ne kwana na uku ko na huɗu, ranar da za ka ce bari in amsa wannan ɗaya kawai. Yaranka suna kallo, masu kaya ma suna gaya wa juna.

TelanBadariya, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri Yaya, Allah ya saka Hajiya. Na yi lissafin a takarda, haka yake. Amma akwai mutanen da ba zan iya ce wa su dawo 4:30 ba: abokan mahaifina, mai gidan da nake hayar shagonsa, da manyan da ke kawo mini ɗinki duk shekara ba Sallah kaɗai ba. Su yaya zan yi da su? Sannan wani ya ce mini in riƙa aiki minti 25 ina hutawa minti 5, wai akwai tsari mai suna haka. Zai yi a ɗinki? Kuma in na rufe sha ɗaya maimakon ɗaya na dare, ba asarar awa biyu na yi ba?

Dattijon Kabi, Argungu

Ɗana, tambayoyinka uku ne, bari in fara da ta ƙarshe don ita ta fi sauƙi.

Awa biyun bayan sha ɗaya ba riba ba ce, bashi ne da kake ci daga safiyar gobe. Wanda ya kwanta ɗaya da rabi ya tashi sahur wajen biyar bai samu awa huɗu ba, kuma shi ne zai riƙe almakashi kan shaddar mutane ƙarfe bakwai. Babban mutum na buƙatar barcin awa bakwai ko kusa da haka. In ka kwanta sha ɗaya da rabi ka samu biyar da rabi, ƙailular bayan azahar ta cika sauran. Ka lura da irin kuskuren da anka fi yi cikin dare: hannun dama a gefen hagu, aljihu a karkace, bayan yadi a waje. Kowane ɗaya farkewa da sakewa sun fi awa. Goman ƙarshe kuma in kuna zuwa tahajjud, kada ka haɗa ta da ɗinkin dare yadda kake yi yanzu. Ka rage zaman dare, ka bar wa keke safiya. Shi ya sa masu nauyi, manyan riguna musamman, ya kamata su sauka kafin 20 ga wata.

Tsarin minti 25 sunansa Pomodoro. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da shi ƙarshen shekarun 1980 lokacin shina ɗalibi, da agogon kicin mai siffar tumatir. Minti 25 aiki, 5 hutu, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai tsawo, minti 15 zuwa 30. Ga mai karatu ko mai aikin ofis da ke kasa farawa shina da amfani ƙwarai. A wurin yanka ma ya dace, tunda saiti ɗaya kusan minti 25 ne: ka gama, ka ɗaure shi da lambarshi, ka miƙe ka motsa baya, ka ɗauki na gaba. A kan keke kam ban ba ka shawara ba, don ƙararrawa za ta same ka tsakiyar ɗora wuya, wurin da ba a son hannu shi tsaya. Nan gaɓar aiki ita ce agogonka: ka gama wando ka huta, ka gama jikin riga ka huta. Kuma agogon bango za ka duba. In ka ce da waya za ka auna, ka dawo da ita hannunka ke nan.

Manya kuwa, girmamawa daban, layi daban, kuma ana iya ba da na farko cikakke ba a taɓa na biyu ba. In dattijo ya shigo da safe ka tashi ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ba shi wurin zama, minti uku. Sannan ka buɗe littafi gabanshi: Baba, naka lamba kaza ne, ranar kaza in Allah ya yarda, ni da kaina zan aiko yaro da shi gida. Maganar aikowa gida ita ke sallamar mafi yawansu, domin abin da ya kawo su tsoron a manta da su ne. Mafi kyau ma ka riga su, ka fitar da sunayensu yau, ba za su wuce goma ba, ka kira su da kanka da yamma. Kada dai ka faɗi ranar da ka san ba ta yiwuwa don ka samu shi tashi. Alkawari kaya ne, kuma wata na azumi muke ciki.

In wata larura ta gaskiya ta taso, ango ne ko tafiya ta kama mutum, ka bar gurbi ɗaya a cikin shidan gobe. Ba ya hawa keke yau, kuma ba a sauke wanda ke kai dominshi. Shina shiga yankan safiya, da kuɗin gaggawa da anka faɗa mishi tun farko.

Wani abu da ba a taɓo ba shi ne wuta. Ka raba ayyukan shago biyu, masu buƙatar wuta da marasa buƙata. Yanka, sa maɓalli, yanke zare da keken ƙafa ba ruwansu da ita. Guga ce matsala, don dutsen guga na lantarki kan ja wat 1000 ko fiye, ƙaramin janaretan da ake kunna ƙwai da fanka da shi ba ya ɗaukarshi. To dokar ƙaramin yaro ita ce, duk lokacin da anka kawo wuta shi ajiye komai shi kama guga har kwalin ɗinkakke shi ƙare. Dutsen gawayi shi zauna a shirye, amma farar shadda a shimfiɗa mata ƙyalle mai tsabta a sama, don tartsatsi ɗaya ko toka ya isa shi ɓata aikin awa uku. Kowane dare kafin a rufe, minti goma: a share gashin zaren da ke taruwa ƙarƙashin farantin allura, a ɗiga mai, a ɗinka wani tsumma don shi tsotse ragowar man kada shi taɓa kayan mutane, a naɗe kwarkwaron kalolin gobe. Allurar da ta dakushe a sauya ta, ita ke jan zaren shadda tana tsallake ɗinki.

Baban Khadija, Jega

Baba ya yi bayani mai kyau, sai dai gurbin gaggawar nan ina so a sa masa iyaka. Ɗaya a kullum sau 18 ya wuce rarar 14 da muke da ita, kuma ita rarar an riga an yi mata aiki. Ƙanena, kada ya wuce biyar a duk watan, kuma kada a buɗe shi sai ƙirge ya nuna kana kan hanya.

Ƙirgen kuwa kowane dare ne, lamba ɗaya a bayan littafi: saiti nawa aka goge aka sa a leda yau. Wanda aka ɗinka ba a goge ba, ko wanda ya rage maɓalli, ba a ƙirga shi. A daren 14 ga wata ya kamata jimla ta kai 36, a daren 20 kuma 72. In daren 14 ya zo ba ka kai 30 ba, washegari ka fitar da kaya zuwa wani hannu ko ka kira masu su, kada ka ce za ka cike a gaba, domin gaba ita ce mai tahajjud da cunkoso a wurin mai aiki.

Ka kuma yi hankali da kwana ukun farko. Yankakku 15 na benci an riga an yi rabin aikinsu, za su iya ba ka bakwai ko takwas a rana, ka ɗauka saurinka ke nan har ka karɓi sabo. Saurin shagon na gaskiya shi ne abin da ka ƙirga ranar 12, 13 da 14, lokacin da kowane saiti ya faro daga almakashi. Ka haɗa ukun ka raba uku, abin da ya fito ka buga shi sau 12, kwanakin da suka rage zuwa 26, ka gwada da abin da ya saura a littafi.